Rikodar da Tsofaffin Garinmu Suka Riƙa Gudu

Ƙannena 'yan aji biyar, ina gaishe ku, ina gaida malamarku da ta aiko a ce in rubuto muku wani abu game da aikina. An gaya mini wasunku suna cewa in sun gama makaranta irinsa za su nema: ki zauna a inuwa, tsohuwa ta yi ta ba ki labari, a kawo miki fura, ki karkaɗe zane ki ce kin yi aiki. To ga shi zan rubuta. Zan haɗa har da abin da ya faru gab da girbi.

Sunana Sa'ade. Ina aiki a ƙarƙashin Malam Ilu, marubucin tarihin Agalawa, a garinmu Zangon Aduwa, yamma da Ɗambatta. Ga wadda ba ta sani ba, mu Agalawa kakanninmu daga Azbin suka gangaro, suka zauna cikin Hausawa, suka kama fataucin goro har Gwanja. Yau in kin shigo garinmu ba za ki bambanta mu da kowa ba. Hausa muke ji, gero da dawa muke nomawa, gona manne da gona ko wurin ɗaure jaki babu. Raƙumi kuwa sai in wani Buzu mai kanwa ya ratso, yara su bi shi suna kallo kamar ba jikokin masu raƙuma ba. Wannan kallon shi ne abin da ya dami Malam Ilu tun yana saurayi.

Hedimastan firamare ne a da. Tun yana koyarwa, duk ranar da babu makaranta sai ya hau keke ya bi ƙauyuka yana tambayar tsofaffi tambaya ɗaya, har yara suka sa masa suna Malam Wa-ya-haifi-wa. Ya taɓa zuwa har Agadas a kan buhunan wata babbar mota, ya dawo da tari da sunayen rijiyoyi. Da wuya ta yi wuya gwamnati ta rage ma'aikata, sunansa ya fito a ciki. Ya ce alhamdu lillahi, yanzu ya samu lokaci. Abin da matarsa ta ce ba zan rubuta muku ba. Littafin nasa tun kafin a haife ni yake rubuta shi, yana nan a akwatin ƙarfe, kuma har yau babi na farko bai zauna ba, domin duk tsohon da aka tambaya sai ya fito da sabon kaka wanda ya riga kakan kowa zuwa.

Dalili biyu ya sa ya ɗauke ni bayan na gama sakandare. Na farko, sunayen kakanni a bakin tsofaffin mata suke, shi kuwa iyakarsa zaure. Na biyu, kunnensa. Yakan ce na hagun ya riga shi yin ritaya, na daman kuma yana jiran takarda. Wanda ba ya ji sosai kuma, kun sani, ba ya iya magana a hankali. Ku riƙe wannan.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai rikoda baƙa, girmanta kamar bulo, mai cin manyan batir kamar an aiko ta. Batir kuwa a shekarun nan da ake bin layi don sabulu da madara, ya zama abin da ake ɓoyewa a ƙasan tukunya. In sun yi sanyi sai in shanya su a rufin ɗaki su sha rana, in suka ƙi in ɗan daddatsa su da dutse. In batir ya fara mutuwa a tsakiyar aiki, muryar tsohuwa in an zo saurare sai ta koma ta ɗan tsako, ki yi ta mayarwa baya kina zufa. Akwai biro, ba don rubutu kawai ba, da shi ake naɗe zaren kaset in rikoda ta tauna shi. Sabon kaset ya fi ƙarfinmu, don haka tsofaffi Malam yake saye wurin mai shayi mu naɗa a kansu. Ba ya yarda a goge na wa'azi, sai na kiɗa. Shi ya sa a tarihin gidan limaminmu, da an gama ambaton kakansa na ƙarshe, sai kalangu ya ɓarke.

Sai goro, da ƙullin sukari in an samu. Kada ki shiga wurin tsoho hannu na dukan cinya. Kuma ki kori kaji kafin ki danna. Ina da kaset guda wanda rabinsa zakara ne, kuma sai da na rubuta shi duk da haka, ina tsallake zakaran.

Aikina na farko Iya Tabawa ce, tsohuwar da ta fi kowa sanin wa ya auri wa a garin nan. Na shimfiɗa tabarma, na ajiye goro, na danna, na ce, “Iya, wa ya fara kafa gidan nan?”

Ta ce, “Mai sunan mutumin ɗakin can.”

“Wane ɗaki, Iya?”

“Ke 'yar nan, a makarantar ba a koya muku kunya? Wanda ya rasu ya bar ni.”

Mijinta take nufi. Ba ta faɗin sunan miji, ba ta faɗin na ɗan fari, ba ta faɗin na suruki. Mu kuma Agalawa ba mu da aiki sai maimaita suna, jika ya ci sunan kaka, tattaɓa-kunne ya ci na jika. Sai ga tarihin gida guda ya fito haka: mai sunan mutumin ɗakin can ya haifi mai sunan yaron nan, shi kuma ya haifi mai sunan baban mutumin ɗakin can, wanda ya je Gwanja da mai sunan yaron nan na biyu. Na kai wa Malam ya karanta, ya cire tabarau ya goge ya sake karantawa. Dabarar da muka yi ita ce in riƙa jero sunaye ɗaya bayan ɗaya, in na faɗi na daidai sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Rikoda ba ta ɗaukar mayafi, don haka duk inda ta rufe fuska sai in yi tari, in na zo rubutawa in gane wurin. Rannan mura ta kama ni, muka ƙara wa gidan kakanni da ba su taɓa zuwa duniya ba.

Yanzu ga dokar Malam, wadda a wurin masu wannan sana'a ita ce gaba da komai. Yakan ce, “Wanda ke zuwa kasuwa da ƙafarsa zai jira mu. Wanda aka fara dama wa kunu da rana tsaka, shi za ki fara.” Gaskiyarsa ce. Tsoho in ya tafi ya tafi da abin da ya sani. Don haka kullum Malam yana lura da wa ya daina zuwa masallaci, wa aka saya wa magani a kemis, gidan wa aka aika Kano a kira 'ya'ya. Da ya ji, sai ya ce in ɗauko rikoda.

A shekara mai kyau babu wanda zai kula. Amma bana ruwa ya ɗauke gero na ɗauke da ciki, ya bushe a tsaye. Bara ma haka. Gidaje da yawa sai tafasa da rama ake kwaɗawa da ɗan ƙuli, samari suka watse, wasu dam ɗin Watari aikin lambu, wasu Kano dako. Yunwa kuwa tsofaffi take fara taɓawa.

Iya Tabawa ta rasu ba da daɗewa ba bayan na gama da ita. Sai Malam Audu mai carbi, wanda na naɗa bayanta. Sai Alhaji Mato, wanda na naɗa bayan shi. A jere, yadda na bi su. Ba abin mamaki ba ne, ai da ma a jeren muka zaɓe su. Amma a wurin zaman makokin Alhaji Mato, ina can ciki wajen mata, Malam ya leƙo bakin zaure ya kira ni, ya yi abin da shi a ganinsa raɗa ce.

“Alhamdu lillahi, Sa'ade, mun same shi a kan lokaci. Wa ke biye?”

Har masu dakan gumba a bayan gida sun ji. Taɓarya ta tsaya a sama.

Daga ranar aiki ya canja. Na je gidan Gwaggo Dije, wadda ta shekara ba ta taka ko bakin ƙofa ba, kullum sai an ɗaga ta an kwantar. Na yi sallama, aka ce ba ta nan, ta je unguwa. Ina juyawa na ji atishawa daga cikin rumbu. Rumbun babu ko zangarniya, ita ce a ciki. Har yau jikokinta ba su san yadda ta hau ba, kuma sai da aka kira maza kafin a fito da ita.

Wani dattijo mai farin gemu har ƙirji, da na gaishe shi a hanya, ya ce, “'Yata, ni yaro ne. Ban san komai ba. Furfurar nan gado ce, a gidanmu da ita ake yaye mu.” Washegari na gan shi ya rina gemun da lalle.

Wani kuma, ba zan faɗi sunansa ba don yana da 'ya a makarantarku, ya tare ni a bayan masallaci yana waige-waige. Ya ce, “Malama Sa'ade, kawuna fa yana da tarihi sosai. Wanda ke riƙe da gonar fadamar nan tamu. Ba ku taɓa zuwa wurinsa ba. In batir ne matsalar, ni zan saya.”

Lokacin dariya nake yi, ina zuwa gida ina ba Innata labari. Inna ba ta yi dariya ba. Ƙosai take soyawa a ƙofar gida, da shi muke ci, kuma ta riga ni lura cewa ƙullun ya fara kwana. Mata in sun hango ni sai su juya goyo su rufe kan jariri. Yaran da ke bina suna roƙon in sa musu kiɗa suka daina. Sai ranar da wata ta faɗi kalmar a bakin rijiya, ba ta ma kalle ni ba, guga take ja. Ta ce mayya.

Ku da kuka tashi a birni wataƙila kalmar zagi ce kawai a wurinku. A ƙauye ba haka ba ne. In ta zauna a kan mutum, ba a sayen abincinsa, ba a auren gidansa, ba a zama kusa da shi a biki. Kuma cewa ake a nono ake sha, don haka ba ni kaɗai ba, har Inna. Na san gidan da aka taɓa yi wa haka a wani ƙauye kusa da mu. Kangon yana nan, an shuka kuɓewa a ciki.

Na gaya wa Malam mu dakata. Ya ce, “Jahilci ne. Ƙarfe ne da batir.” Ya faɗa da ƙarfi, a bakin kasuwa.

Mutum ɗaya ne a garin nan ya aiko da kansa a kira ni: Baba Tanko, ƙanen kakana, wanda tun ina rarrafe yake ce mini uwargida. Na same shi a zaure yana jan carbi da fushi.

“Uwargida, an ce kina kashe tsofaffi, shi ne ni kika raina ni? Ban isa ba ke nan?”

“Baba, rufa mini asiri, mutane na ji.”

“Su ji. An ce Mato kafin ya tafi ya gaya wa akwatin nan naki wai kakana jakai yake kora wa kakansa. Haka ne?”

“Ya faɗi wani abu mai kama da haka.”

“To ya mutu da ƙarya a baki, Allah ya gafarta masa. Danna. In mutuwar ce ma, sai na gyara wannan tukuna.”

Na danna. Ya yi bayani mai kyau, irin wanda Malam ya daɗe yana nema: rijiyoyin da aka bi daga Azbin, inda aka yada zango, dalilin da ya sa aka tsaya a gindin aduwar da garin ya ci sunanta, da raƙuman kakansa, kowanne da sunansa da halinsa. Kaset ya cika bai gama ba. Na ce zan dawo in mun samu wani.

Kafin mu samu, zazzaɓi ya kwantar da shi. Jiki ya yi zafi, ya fara sambatu. Abin da kuma yake ta faɗa a cikin sambatun shi ne, “Sa'ade, dawo, ban gama ba. Sa'ade, kin tafi da raƙumana.”

Kun san abin da ake cewa in marar lafiya ya kama sunan mutum: wai mutumin ne ya kama masa kurwa.

Bayan azahar suka zo. Ina tsakar gida ina wanke wake. Ɗanlami, babban ɗan Baba Tanko, shi ne a gaba, sai Mai Unguwa, sai Ladan, sai mutanen da ban iya ƙirgawa ba, har da waɗanda na koya wa 'ya'yansu karatu kyauta. Ba wanda ya taɓa ni. Ɗanlami ya ce, “Ki taso, ki ɗauko akwatin.” Inna ta biyo mu ba takalmi, da ludayin ƙosai a hannu, ba ta san tana riƙe da shi ba.

An fito da Baba Tanko tsakar gidansa a kan tabarma, an lulluɓe shi, idonsa a rufe. Aka yi da'ira, aka bar ni a tsakiya da rikoda a rungume. Ɗanlami ya ce in tsallake shi.

Ga yadda abin yake, don ku gane inda na tsaya. Wai in mayya ta tsallake wanda ta kama, ta sake shi ke nan. To in na tsallaka Baba ya warke, an tabbatar ni ce na kama shi na sake. In na tsallaka ya mutu, an tabbatar na ƙi sakewa. In na ƙi tsallakawa kuma, me nake tsoro? Na tsaya ina lissafin nan.

Sai ga Malam Ilu a kan keke, hularsa a karkace, ya kutsa cikin mutane bai ma sauka ba sai da keken ya faɗi da kansa.

“Wane shirme ne wannan? Yarinyar nan ni na aike ta. In tsallaken ne, ni zan tsallaka.”

Ɗanlami ya ce, “Malam, kai bai kira sunanka ba.”

“Me ya ce?”

“Na ce bai kira sunanka ba.”

“To ai ba ni da kyau kamar ita, shi ya sa.”

Ba wanda ya yi dariya. Mai Unguwa ya ɗaga hannu. Mutum ne mai son a ce shi ya raba gardama, kuma a gaskiya ina jin tausayin Inna ya ji. Ya ce, “Jama'a, a yi adalci. Yarinyar nan mun san uwarta, mun san kakarta, ba a taɓa jin wani abu ba. Ni a ganina ba ita ba ce, akwatin ne. Muryar bawan Allah tana ciki a kulle, yaya zai warke? A kunna, muryar ta fito ta koma jikin mai ita. In ya so sai a ga abin da Allah zai yi.”

Aka ce haka ne, haka ne. Na durƙusa kusa da kan Baba Tanko, na ajiye rikoda. Kaset ɗinsa na ciki, don ina tsakiyar rubuta shi. Na mayar da shi farko. Na danna.

Shiru. Zare yana juyawa, ba abin da ya fito.

Ɗanlami ya ce, “Kun gani? Ta ƙi sakinsa.”

Nan fa kowa ya samu baki. Wannan ya ce a fasa ta da gatari, wancan ya ce in an fasa muryar za ta watse a rasa ta gaba ɗaya. Wata ta ce a jefa ta rijiya, aka ce wace rijiyar, wadda muke sha? Ladan yana so ya yi magana tari ya hana shi. Mai Unguwa ya hau bayani mai tsawo. Ni ina durƙushe ina kallon ƙasa, ina karanta duk abin da ya zo bakina. An daɗe ana haka kafin Malam, wanda hayaniyar ba ta dame shi ba tun da ba ya jin rabinta, ya sunkuyo ya kalli rikodar da kyau.

“Sa'ade, jan maɓallin nan a danne yake.”

In za ki saurara, maɓalli ɗaya ake dannawa. In za ki naɗa, biyu ne tare, da jan. A gaban tsoho ban taɓa danna ɗaya ba, kullum biyu. Kaina ya ce ɗaya, yatsuna suka yi abin da suka saba.

Malam ya tsayar, ya mayar baya, ya danna da kansa, ya ƙure ƙara don shi ma ya ji. Sai ga murya ta cika gidan, ba ta Baba Tanko ba.

“Kun gani? Ta ƙi sakinsa.”

Ɗanlami ya dafa bango. Sai muryar mai gatari. Sai ta mai rijiya. Kowa aka ji, sai a juya a kalle shi, shi kuma ya kalli ƙasa. Sai wani tari mai tsawo.

Wani ya ce, “Wannan na Ladan ne.”

Ladan ya ce, “Ba nawa ba ne. Nawa bai kai haka ba.”

Sai muryar Mai Unguwa, tas, ta fi ta kowa fita don shi ya fi kusa: “Ni dai na faɗa tun farko, duk wanda muryarsa ta shiga akwatin nan, iyalinsa su fara neman likkafani.”

Malam ya kashe. Mai Unguwa ya nemi turmi ya zauna a kai. Ya cire hula, ya duba cikinta, ya mayar.

“Malam Ilu,” in ji shi, a hankali, har sai da aka maimaita wa Malam, “a iliminku na boko, abin nan yana da wani tasiri a jikin ɗan Adam?”

“Ƙarfe ne da batir.”

“To ai abin da nake ta faɗa ke nan tun ɗazu.”

Ladan ya samu muryarsa. Ya ce ajali a hannun Allah yake, kuma duk wanda ya jingina mutuwa ga akwati ya binciki imaninsa. Aka ce ƙwarai kuwa. Mai gatari ya ce shi da ma itace zai je sara, hanya ce ta biyo da shi. Matar bakin rijiya ta matso ta karɓi ludayin hannun Inna ta riƙe mata.

Ɗanlami ya ce, “Amma dai don hankali ya kwanta, Malam, ba a iya gogewa?”

“Ana iya naɗar wani abu a kai.”

Sai muka ji murya daga tabarma. Baba Tanko ya buɗe ido, ashe ƙarar rikodar ta tashe shi tun ɗazu.

“Uwargida. Na ji Ɗanlami, na ji tarin Ladan. Ina raƙumana?”

Na ce, “Baba, sun goge, su ne a farkon kaset ɗin.”

Ya yunƙura ya zauna, ba wanda ya taimaka masa. “Duka? Har da Ja-gaban?”

“Har shi.”

“Wato yanzu maganar Mato ce kaɗai ta rage a duniya.” Ya ture bargon. “A dama mini kunu. Ke kuma kawo akwatin.”

Mai Unguwa ya miƙe da sauri. “Madalla. Baba, ga shi nan a shirye, sai ka naɗa a kan wannan ɗin, ka ga an huta sayen wani.”

Malam ya sunkuya. Ya buɗe rikoda ya zaro kaset ɗin. A bayan kowane kaset akwai wasu 'yan kunnuwa ƙanana, in aka ɓalle su ba a sake naɗar komai a kansa. Mu ba mu taɓa ɓallewa ba saboda tsada. Ya sa farce ya ɓalle su a gaban kowa, ya jefa kaset ɗin a aljihun gaban rigarsa, ya dafa.

“Wannan ma tarihi ne,” in ji shi. Ya ɗaga kekensa. “Sa'ade, gobe da safe ki zo, zan nemo wani wurin mai shayi.”

Baba Tanko ya warke, da ma zazzaɓin sauro ne, ƙwayoyin kemis suka kore shi. Mun sake naɗar labarinsa, ya fi na farko tsawo, raƙuman sun ƙaru, kakan Alhaji Mato kuma ya koma mai ba su ruwa. Ƙosan Inna yana ƙarewa kafin hantsi. Gwaggo Dije ta aiko a ce in zo, amma in tsaya daga waje in yi tambaya ta taga.

Malam ya ce magana ta ƙare, tun da rabin gari na cikin kaset ba mai sake cewa akwatin yana kisa. Wataƙila. Amma ba Malam aka tsayar a tsakiyar da'ira ba. Ni na saurari kaset ɗin na san duk wanda ke ciki, kuma da yawansu ba yara ba ne. In ɗayansu ya faɗi, a kaina maganar za ta dawo. Yanzu bayan naɗa da rubutu, aikina ya ƙaru. Ina bi gida-gida ina gaisuwa, ina duba fuskoki. Na kai wa Ladan zuma da citta. Na roƙi Ɗanlami ya daina hawa saman motar Ɗambatta ranar kasuwa, ya riƙa shiga ciki. Mai Unguwa kuwa yana da hawan jini, kuma ba ya jin magana a kan gishiri da kitse. Na je har wurin mai tsire na ce in ya zo a ce ya ƙare.

To wannan ita ce sana'ar. Wadda har yanzu take so, ta zo, Malam yana neman ƙarin hannu, ƙauyuka da yawa ba mu taka ba kuma tsofaffi ba sa jira. Wadda ba ta so, ina roƙonta abu ɗaya: in ta idar da salla ta sa Mai Unguwarmu a addu'a, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Ɗazu aka ce an ji ya yi atishawa a masallaci. Bari in ajiye biron in je in gani.